Likita ya ce a sa wa Baba ƙarfe a hanji, Yaya ya ce a koma Indiya

Likita, assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 64. Wata 14 da suka wuce aka yi masa aikin ciwon dajin ciki a Indiya, aka cire kusan kashi biyu cikin uku na tumbinsa, ya dawo gida ya ƙarasa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Ya samu sauƙi har ya koma zuwa kasuwa. Yau sati 3 ke nan duk abin da ya ci sai ya dawo, amai kore mai ɗaci, saman cikinsa ya kumbura, ya rame ƙwarai. Yanzu yana kwance a asibiti da roba a hanci, ana yi masa ƙarin ruwa. Hoton CT ya nuna hanya ta tsuke kusa da inda aka yi ɗinki. Likita ya ce maimakon a sake yanka shi, za a zura kyamara ta baki a saka wani ƙarfe ya buɗe wurin. Babban yayanmu ya ce wannan faci ne kawai, a sayar da filinmu a koma Indiya a yi aiki na gaske. Kawu ya ce likitoci sun cire rai ne shi ya sa suke gudun aiki, har ya kawo maganin wankin ciki. Shi kuwa Baba cewa yake kada a ƙara sa masa wuƙa. Kuma har yau ba wanda ya gaya masa ana zargin ciwon ne ya dawo. Ni nake jinyarsa, kaina ya kulle.

'Yar'uwarku daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba ya jira, wato maganin Kawu. Ki karɓa, ki yi masa godiya, ki jefa a jaka, kada ko cokali ɗaya ya shiga bakin Baba. Maganin wankin ciki, filasko ne ko na kyamis, aikinsa ya sa hanji ya riƙa matsawa yana tura abin da ke cikinsa gaba. Ba ya buɗe hanyar da ta toshe. Abin da zai ƙara wa Baba shi ne murɗa da amai da ƙarewar ruwan jiki, in kuma toshewar ta fi yadda ake zato, hanjin da ya riga ya kumbura yana iya fashewa. Rubutu da zamzam ma, muddin an ce kada ya ci kada ya sha, a jiƙa masa leɓe, a shafa masa a jiki, a yi ta addu'a, sha kuwa sai likitansa ya yarda. Robar hancin nan da kike gani tana fito da ruwa kore, na san tana takura masa, amma ita ke rage wa cikin lodi, ita ke hana amai ya sarƙe shi ya gangara huhu. Ki sa ido kada ya fizge ta cikin dare.

To, mu zo kan rigimar gidanku. Ban ga hoton Baba ba, ban taɓa cikinsa ba, don haka ba zan ce miki a yi ko kada a yi ba. Amma na lura da abu ɗaya a wasiƙarki: kowa na gardama a kan magani, ba wanda ya faɗi takamaimai me ya toshe hanyar. Kalmar toshewa ga wanda aka yi wa aikin tumbi ta ƙunshi abubuwa da yawa, kuma ƙarfen da ake magana yana yi wa wasunsu kyakkyawan aiki, wasu ba ya taɓuka musu komai, wasu ma kuskure ne a saka shi.

Ki nemo takardun da kuka dawo da su daga Indiya, musamman wadda likitan tiyata ya rubuta bayanin aikin. A ciki za ki ga ɗaya daga cikin sunayen nan: Billroth I, Billroth II, ko Roux-en-Y. Sunayen likitoci ne. Billroth shi ne ya fara yanke wani sashe na tumbi saboda ciwon daji mara lafiya ya tashi, a birnin Viyana a 1881, Roux kuma ɗan Suwizalan ne na ƙarshen ƙarnin. Kowane suna yana nuna yadda aka sake haɗa hanyar abinci bayan an yi yanka. A na biyu da na uku, cikin Baba ya zama kamar mahaɗar lungu biyu. Lungu ɗaya shi abinci ke bi ya wuce. Ɗayan kuma an ɗinke bakinsa daga sama, abinci ba ya shiga, amma ruwan madaciya da na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, suna zuba cikinsa, fiye da lita 1 kowace rana, su gangara su tarar da abinci a mahaɗa. Idan lungun abinci ne ya toshe, mutum yana aman abin da ya ci, sau da yawa gauraye da kore. Idan na ruwan ɗacin ne, ruwan yana taruwa a baya, ciki ya ƙulle bayan an ci abinci, wani lokaci a yi aman ɗaci zalla a ji sanyi, in ya toshe ruf kuma ido ya yi rawaya irin na ciwon shawara, zazzaɓi ya rufe mutum. Likitan da zai zura kyamara yana bukatar sanin wane irin haɗi aka yi kafin ya shiga, don hanyar cikin Baba ta sha bamban da wadda ya saba gani. Ki kai masa takardar hannu da hannu. In ta ɓace, Yaya ya tuntuɓi asibitin can su turo.

Sai kuma dalilin tsukewar. Wurin ɗinki yana iya yin tabo ya ƙanƙance, ba tare da wani daji ba. Irin wannan an fi ganinsa a watannin farko bayan aiki, kuma maganinsa na farko balan-balan ne: a zura shi ta cikin kyamarar, a hura shi a daidai wurin ya buɗa, sau da yawa sai an maimaita. Hanji yana iya mannewa da juna ko da bangon ciki, kamar yadda yakan faru bayan kowane aikin ciki. Yana kuma iya zurmawa ta wata kafa da aikin farko ya bari ya shaƙe kansa, jini ya daina isa gare shi. Wannan na ƙarshen babu zancen kyamara, tiyata ce ta gaggawa ko da tsakar dare ne. Sannan ciwon yana iya dawowa, ko a bakin ɗinkin, ko daga waje yana danne hanjin. Ba zan ɓoye miki ba, tsukewar da ta bayyana bayan wata 14 tare da rama, dole likita ya fara tunanin dawowar ciwo. Amma zargi daban, tabbaci daban. Ita kanta kyamarar tana iya gutsuro ɗan nama a wurin a kai ɗakin gwaji, ko da yake idan abin daga waje yake dannowa, gwajin yana iya fitowa ba komai alhali ciwon yana nan.

Ga abin da ya sa nake nanata wannan. Ƙarfen iri biyu ne. Akwai tsirara, raga ce zalla, yana kama nama ya zauna daram, amma in an saka shi an saka ke nan, nama yana tsirowa ta ramukansa ya riƙe shi. Akwai mai riga, wanda aka lulluɓe da siririyar leda, nama ba ya kutsawa ta cikinsa kuma ana iya ciro shi, sai dai ya fi saurin zamewa daga inda aka ajiye shi. Idan tabo ne kawai ke damun Baba, ba a so a dasa masa tsiraran da ba zai ciru ba. Don haka tambayar wane iri za a saka, kuma don me, ba katsalandan ba ce a aikin likita.

Wannan ƙarfen, su likitoci sitent suke ce masa. Kalmar ƙarfe ce ke tsorata mutane, sai su zaci wani rodi ne. Da za ki gan shi kafin a saka, a naɗe yake cikin siririn bututu da bai fi kaurin bututun tawadar biro ba. Saƙar waya ce mai laushi, ta wani haɗin ƙarfe da ke komawa siffarsa in an sake shi. Ana ba mara lafiya allurar barci, a zura kyamara ta baki har bakin inda ya tsuke, a tura siririyar waya ta ratsa tsukakken wurin ana kallonta a allon hoto, a zuba ɗan ruwa mai fitowa a hoton don a ga tsawon matsalar, sannan a bi wayar da naɗaɗɗen sitent a sake shi. Nan take ya fara buɗewa, cikin kwana 1 zuwa 2 ya kai cikakken faɗinsa, kusan santimita 2, kamar kaurin babban yatsa. Tsawonsa yakan kama daga santimita 6 zuwa 12. Galibi aikin ba ya wuce awa guda, babu yanka, babu ɗinki. In an dace, washegari ko jibi mutum ya fara kurɓar ruwa. Na taɓa ganin wani dattijo da ya yi kwana 20 bai haɗiyi komai ya zauna ba, kwana 2 bayan an saka masa aka miƙa masa koko rabin kofi. Ya sha, ya riƙe kofin a cinya yana jiran amai, mu ma muna jira. Da ya ga shiru sai ya ce wa matarsa ta ƙaro.

Yanzu maganar Yaya. Ya yi gaskiya, faci ne. Sitent ba ya kashe ƙwayar daji ko ɗaya, hanya kawai yake buɗewa, kuma yana iya sake toshewa bayan wasu watanni, ko da abinci ko da ciwon da ya ƙara girma. Yana iya zamewa. Jefi-jefi yakan jawo zubar jini ko ya huda hanji. Akwai wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasar Holan, aka buga a 2010, inda aka kwatanta sitent da tiyatar kewaye toshewa ga masu dajin da ya rufe mafitar tumbi. Waɗanda aka sa wa sitent sun fi saurin komawa cin abinci, waɗanda aka yi wa tiyata kuma hanyarsu ta fi daɗewa a buɗe. Mutanen binciken ba su da yawa, kuma yanayinsu bai yi daidai da na Baba ba, amma abin da ya nuna shi likitoci ke aunawa har yau: mai sauran ƙarfi wanda ake sa ran zai daɗe, tiyata takan fi masa, wanda jiki ya yi laushi kuma sitent ya fi masa.

Inda nake ganin Yaya ya yi tuntuɓe shi ne zaton cewa aikin da za a yi a Indiya na warkarwa ne. Idan ciwon ya dawo ya bazu, mafi yawan abin da likitan tiyata zai yi, a can ko a nan, shi ne ya kewaye wurin da ya toshe ya haɗa hanji da hanji. Wannan ma faci ne, sai dai babba. Kuma a jikin wa za a yi shi? Mutumin da ya yi sati 3 abinci bai zauna masa ba, ga cikin da aka taɓa buɗewa ya cika da manne-manne. Ramammen jiki ɗinki ba ya kama shi da sauri. Ga biza, ga awanni a jirgi da roba a hanci. Ni da za a tambaye ni, kafin a kira dillalin fili, a tura hoton CT ɗin da sakamakon jini ga likitan da ya yi aikin farko, a yi masa tambaya ɗaya a fili: in mun kawo shi, cire ciwon za ka yi ko kewaye shi? In ya ce yana ganin wuri ɗaya ne kuma zai ciru, to maganar Yaya ta yi nauyi, a zauna a duba ta da kyau. Ko a hakan ma sitent bai rufe ƙofa ba. Sau da yawa shi ke ba mutum damar ya ci, ya murmure, har ya iya ɗaukar kemo ko wani aikin daga baya. Abu ɗaya kawai: in akwai niyyar tiyata nan gaba, likitan tiyata da mai kyamara su yi magana da juna kafin a zaɓi irin wanda za a saka.

Ki riƙa tausasa wa Yaya harshe. Mutumin da ya ce a sayar da fili don ubansa ba taurin kai ke damunsa ba, tsoro ne kada gobe zuciyarsa ta ce masa bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba. Ki ja shi ku je wurin likita tare, ya ji da kunnensa.

Kawu kuwa bai fahimci abin ba. Likitan da ya cire rai ba ya neman buɗe hanya.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina ita ce: toshewar wuri ɗaya ce ko wurare da yawa? Dajin tumbi yana da halin watsuwa a shimfiɗar cikin ciki kamar an yafa gero, ya kama hanji nan da can. In haka ne, ka buɗe sama ƙasa na rufe, sitent ba zai yi amfani ba, tiyata ma da wuya. A irin wannan hali akwai magungunan da ke rage ruwan da ciki ke tarawa, da masu kwantar da murɗa da tashin zuciya, da masu rage kumburi, kuma akan iya sa ɗan bututu ta fatar ciki ya riƙa zubar da ruwan don a huta da robar hanci. Wannan ma magani ne, kuma haƙƙin Baba ne a yi masa shi da kyau. In kuma lungun ruwan ɗacin ne ya toshe har ido ya yi rawaya, akan sa bututu ta gefen haƙarƙari ya shiga hanta ya zubar da ruwan kafin a yi maganar sauran. Akwai wata sabuwar dabara da ake buɗe sabuwar ƙofa tsakanin tumbi da hanji daga ciki, amma sai manyan cibiyoyi ƙalilan ke yin ta.

Kada kunya ta hana ki tambayar likitan ko ya saba saka irin wannan sitent ɗin ga waɗanda aka taɓa yi wa aikin tumbi. Leƙa ciki da kyamara abu ɗaya ne, dasa sitent a haɗaɗɗen hanji wani abu ne daban. Ki tambaya ko kayan suna nan a ƙasa ko sai an yi oda, kwana nawa za a jira, nawa ne kuɗin gaba ɗaya, kuma me za a riƙa ba Baba a madadin abinci kafin lokacin, don ƙarin ruwa zalla ba ya riƙe mutum. In wayar ta ƙi ratsawa fa, ko aka samu huda, akwai likitan tiyata a kusa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma faɗa musu duk maganin da yake sha, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini.

In Allah ya sa an yi an dace, aikin ya dawo hannunki, a kicin. Ruwa-ruwa za a fara: romo, tataccen kunu, koko. Bayan kwanaki a shiga mai laushi, ƙwai, kifi marar ƙaya, dankali da aka dame, tuwo mai taushi da miya wadatacciya, naman da aka niƙa. Kaɗan-kaɗan sau 6 ko fiye a rana, a zaune tsaf, ya tauna sosai, yana kurɓar ruwa yana korawa, kada ya kwanta da ya gama. Abin da ke cushe sitent shi ne mai zare da mai tauri: kilishi, tsire, ganda, kwaɗon zogale da rama, mangwaro mai zare, totuwar lemu, rake, goruba, aya, gyaɗa. 'Yan dubiya za su zo da irin waɗannan cikin ƙauna, ke ce mai tsaron ƙofa. Ki kuma rage hannu a sukari. Wanda aka rage wa tumbi, in ya sha abu mai zaƙi sosai yakan ji jiri da gumi da bugun zuciya, har da gudawa. Madara ma ki gwada kaɗan tukuna, wasu ba ta zama musu. Ki tuna wa likita maganar ƙarancin jini da na bitamin B12, ana yawan mantawa da su bayan aikin tumbi. In kuwa kika ga ciwon ciki mai tsanani ya taso farat ɗaya, ko ciki ya yi tauri kamar katako, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙin bahaya, ko amai ya dawo, a koma asibiti a lokacin, kada a ce a bari gari ya waye.

Na bar maganar Baba a ƙarshe ne don ita ta fi tsaya mini a rai. Dattijo ɗan shekara 64, da hankalinsa, ya buɗe baki ya ce kada a ƙara sa masa wuƙa, amma ana shirin sayar da fili a kan cikinsa ba a tambaye shi ba. Na san dalilinku, kuna tsoron kada ya karaya. Sai dai a abin da na gani a gefen gadon marasa lafiya, irin su Baba sun riga sun sani. Ya ga ramarsa, ya ga yadda kuke yin shiru in ya buɗe ido, shi ma shirun yake yi don ya rage muku nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ɗan kasuwa ne, watakila akwai bashin da yake bin wani ko ake bin sa, akwai amanar da ke hannunsa, akwai wanda yake so ya nemi yafiyarsa, akwai wasiyya. Ɓoye masa yana iya ƙwace masa damar waɗannan. Ita ma ƙin wuƙar da yake yi, sai ya san abin da ke gabansa za ta zama zaɓi na gaske, domin yana iya canza ra'ayi in ya ji tiyata na da fa'ida, yana kuma iya ƙara tsayawa a kan bakansa.

Ba na cewa ki je ki sauke masa komai a lokaci ɗaya. Ki zaɓi lokacin da 'yan dubiya suka watse, ke da Yaya kaɗai, in Mama na raye da ita. Ki ce masa, Baba, likita yana da bayani a kan hoton nan, kuna so ya yi muku da kanku, ko ya yi mana mu isar muku? In ya ce ku ji kawai, kun fita haƙƙinsa, ku bi shi a haka. In ya ce a kira likitan, ku kira shi, ku ja kujera ku zauna, ki riƙe takardar Indiyan nan a hannunki.